Rediyon Tankar Gaba

Launceston, Tasmania
Nuwamba 1979

Zuwa ga ƙanwata Glenys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baffa Merv da duk mutanen Ingham. Mu nan lafiya lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya, da kuma bayana da ke ƙorafin kujerar bas ɗin da nake tuƙawa.

Na san za ki juya ambulan ki sake duba sunan. Ni ne Noel, ɗan wan babanki Clarrie. Rabona da ke tun jana'izar Kaka, kina 'yar mitsitsiya da majina a hanci, ni kuma Mama ta riƙe mini hannu gam don kada in matsa kusa da ku. Mama Dulcie ta rasu a watan Yuli. Ban sanar da ku ba saboda ita ta ce kada a sanar. Na bi maganarta har aka rufe ta, daga nan kuma ina ganin na sauke nauyi.

Ga abin da ya sa na rubuto, kuma don Allah kada ki yi dariya. Duk Asabar mu 'yan kaɗan muna haɗuwa a garejin abokina Wal, muna wasan yaƙi a kan tebur. 'Yan sojojin dalma ne da ƙananan tankoki da jirage, mu muke fenta su da hannunmu. Mukan ɗauki wani faɗa da aka yi da gaske, mu gina filinsa da soso da yashi, mu sake buga shi da ƙwayar ludo da tef ɗin awo. Matata tana ce mana manyan jarirai. Bana mun ɗauki tsallaken rafin nan na tsibirin Bougainville a yaƙin duniya na biyu, 1945, inda jiragen ɓangarenmu suka saki bam a kan sojojinmu na ƙasa, babana yana cikinsu.

Baffa Merv ne mai rediyo a tankar da ke gaba ranar. Tambayoyina ƙanana ne. A kan wane layi rediyonsa yake? Yana jin matuƙan jiragen? Tsakanin tankar da bakin rafi akwai nisa? Ba wani abu nake nema ba, so nake in ajiye kowa daidai inda yake ranar nan.

Ki karanta masa, ki gaishe shi.

Yayanki,
Noel


Ingham, Queensland
Disamba 1979

Noel,

Takardarka ta iso. Muna lafiya, in ka ɗauke zafi da kwaɗin rake da suka mamaye mana tsakar gida. Baba yana nan, zuciyarsa ce likita ya ce a bi ta a hankali. Allah ya ji ƙan Dulcie. Na faɗa ne don ana faɗa.

Majina ko ba majina, kunnena lafiya yake ranar jana'izar Kaka. Na ji mamanka a bakin kabari, gaban limamin coci da kowa, tana cewa, "Merv, rediyo yana hannunka ko ba ya hannunka?" Baba ya ce, "Yana hannuna." Ta tofar da yawu a gefen takalminsa ta ja ka kuka tafi. Daga ranar ko katin Kirsimeti ba mu ƙara gani daga gare ku ba. Yau kuma da rana tsaka na zama ƙanwa.

Ni gyaran gashi nake yi a shagon da ke ƙasan gidanmu, na kuma daɗe a cikinsa. Tun daga matakala nake gane matar da ta zo wanke kai da wadda ta zo kwasar labari. Ita ta biyun ita ce mai cewa ba wani abu take nema ba.

Layinka na ƙarshe na karanta shi har na haddace. Ka ajiye kowa inda yake, ko? Clarrie a ƙasa, Baba a kan tebur ana nuna shi da yatsa. Shekara talatin da 'yan kai mamanka ta yi tana neman wanda zai yi mata wannan aiki. Ta sa ka yi mata alkawari ne kafin ta cika? Faɗa mini gaskiya. Ni ban yarda cewa ƙato da iyali zai zauna yana fenta 'yar tsana don nishaɗi kawai ba, kuma duk faɗan da aka yi a duniya bai ga na bugawa ba sai wannan.

Baba ba zai amsa maka ba.

Mangwaro ya nuna, jemagu suna cinye shi kafin mu farga. Ka gai da matarka, da alama ita ce mai hankali a gidan.

Glenys Trembath


Launceston
Janairu 1980

Glenys,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata zafin ya yi sauƙi, jikin Baffa kuma da dama. Mu lafiya, matata tana amsa gaisuwa, ta ce kin gane ta.

Mama ba ta sa ni alkawarin komai ba. Amma kin ce ba zai amsa ba, maganar nan ta tsaya mini a wuya. Ya ji tambayar ne ya ƙi? In haka ne, ƙin amsar ma amsa ce. Ko kuwa ke ce kika tsaya a ƙofa, bai ma san na rubuto ba?

Tunda kina son gaskiya, ga ta. Yadda ake aikin a lokacin, 'yan igwa ne ke harba harsashin hayaƙi ya faɗa kan abokan gaba, jirage su ga hayaƙin su saki bam a kansa. Ranar hayaƙin ya gaza kaiwa, ya faɗo a tsallaken da su babana suke kwance. A littafin tarihin rundunar da na aro an rubuta cewa rediyon tankar gaba yana kan layi ɗaya da jiragen, don a samu mai gyara musu in an yi kuskure.

To mun buga shi haka. Muna ɗora guntun auduga a matsayin hayaƙi daidai kan sojojinmu. Wal ya ɗauko jiragensa a kan sandunan waya yana gurnani da baki, tsoho da shi. Mai riƙe da tankar gaba ya ɗaga kai ya ce, "Wal, dakata, namu ne a wurin." Wal ya juya jiragensa, shi ke nan, mu tafi shan shayi. Mun canja 'yan wasa, mun canja ƙwayar ludo, mun matsar da tankar baya har bakin tebur. Glenys, babana bai taɓa mutuwa a garejin Wal ba. Ko sau ɗaya.

Da farko daɗi nake ji. Ina ɗauke ɗan sojan da na fenta da sunansa in mayar da shi akwati lafiyarsa ƙalau. Yanzu kuwa duk Asabar da ciwon kai nake komawa gida, don abin da teburin ke gaya mini shi ne magana ɗaya tal ta isa, kuma ba a yi ta ba. Ban san babana ba sai a hoto. Ina da haƙƙin sanin dalili.

An gayyace mu mu nuna wasan a zauren tsofaffin sojoji ranar tunawa da mazan jiya, cikin Afrilu. Al'adar ƙungiyarmu ce kowace tanka a ajiye mata kati da sunayen mutanen da ke cikinta. In Baffa yana da abin faɗa, yanzu ne lokacinsa.

Noel


Ingham
Janairu 1980

Noel,

Lafiya muke, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kogi yana ta hawa. Gaisuwar ta isa haka.

E, ni ce a ƙofa. Takardunka suna cikin gwangwanin biskit a saman kabad, Baba bai san da su ba, ba kuma zai sani ba. Ashe dai ban yi maka ƙazafi ba. Da farko tambayoyi ne ƙanana, yanzu ga zaure, ga kati, ga rana an tsayar. Kotu kuka shirya, kai ne mai ƙara, Wal mai gurnani ne alƙali. Akwai tsofaffin da suka san Baba a can kudu, labari kuma ba ya jiran jirgin ƙasa. Kafin sati ya zagayo zai iso kantin giyar da yake zama ranar Juma'a.

Bari in gaya maka wanda kake shirin ɗorawa a tebur. Gidanmu gonakin rake ne suka kewaye shi. Lokacin feshin maganin ƙwari ƙaramin jirgin nan yana zuwa da safe, yana bi ƙasa-ƙasa har kwanon rufi yana rawa. Tun ina yarinya, da zarar Baba ya ji shi sai ya saki abin da ke hannunsa, ko kofi ne ko cokali. Ya dunƙule hannun dama ya kai bakinsa, ya matse shi har jijiyoyi su fito, yana magana a cikin dunƙulen da sauri-sauri, ba ya ganin kowa. Sai jirgin ya wuce yake buɗe hannun, gumi sharkaf. Marigayiya Mama takan ce mana addu'a yake, mu ba shi wuri. Yaran unguwa har kwaikwayonsa suke a bayan idonsa. Makon jiya da ya yi, leɓensa ya koma shuɗi, sai da na sa masa ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe.

Ku kuna tafiya shan shayi bayan kowane wasa. Shi bai taɓa tashi daga nasa ba.

Ka cire sunan ubana daga katin nan. In ba haka ba, wallahi zan rufe shago in hau jirgi in zo Launceston, in kife teburin da sosonsa da yashinsa a gaban tsofaffin naku. Ban taɓa jin tsoron asara irin na wannan karon ba, kuma ba na ɓoye maka.

Glenys


Launceston
Fabrairu 1980

Glenys,

Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya.

Na jira har na gaji. Kullum na dawo daga aiki sai na leƙa akwatin wasiƙu, matata har ta daina tsokanata. Na buɗe miki cikina, na gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, kin yi mini shiru kamar an shuka dusa. Ina zargin kun zauna ke da shi kun shawarta cewa in an ƙyale direban bas zai gaji da kansa. Mama takan ce haka gidanku yake, a yi shiru har mai magana ya ji kunya. Na yi ta kare ku a zuciyata, yanzu na fara ganin ta fi ni sanin ku.

Na rubuta katin. Sunan Merv Trembath yana kai, mai rediyo. Ba zan ƙara ko kalma a kansa ba. Duk wanda ya tsaya ya kalli wasan zai ga abin da na gani.

Noel


Launceston
Maris 1980

Glenys,

Ina fata ruwa bai yi muku ɓarna ba, ina fata Baffa yana nan da ƙarfinsa. Don girman Allah, in takardata ta Fabrairu ta riga wannan isowa, ki jefa ta a murhu. Taki ta Janairu sai ranar Litinin ta zo, ta kumbura, tawada ta yi jirwaye, an buga mata hatimi cewa ambaliya ce ta tsare ta a hanya. Ashe kin amsa, ni kuma ina nan ina zagin ku.

Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa. Da na kai wurin dunƙulen hannu sai da na zauna a kan matakala. Glenys, ba addu'a yake ba. A bangon garejin Wal akwai makirufon irin rediyon tankokin nan, mun saye shi a wurin masu gwanjon kayan soja don ado. Girmansa ya cika tafin hannu. A jikinsa akwai wani ƙarfe, in ba ka matse shi ba muryarka ba ta fita. Mai rediyo dole ya dunƙule shi, ya kai baki, ya matse har ya gama magana. Abin da kike gani tun kina yarinya ke nan. Baffa ya yi magana ranar. Har yau ma yi yake.

Ranar Asabar na gaya wa su Wal. Muka kalli juna, muka kalli teburin, kunya ta kama mu. Mu a gareji kowa yana ganin filin duka daga sama, kowa yana jin kowa, har tarin juna muke ji. Mun ɗauka tunda littafi ya ce akwai rediyo, to magana ta isa inda aka aika ta. Wal ya ce a sake, amma ni in riƙe tankar gaba daga ɗakin wanki. Suka rufe ni a ciki, suka kunna injin wanki, suka bar mini ramin makulli. Sharaɗin shi ne alƙalin wasa zai jefa ƙwaya a ɓoye, in ba ta ba da ba, duk abin da na faɗa ba wanda ya ji.

Ta ramin makulli na ga an ɗora audugar. Ina jin Wal sarai yana cewa ya ga hayaƙi, zai sauko. Na ce dakata, namu ne. Ya ci gaba da auna tazara da tef ɗinsa. Na ɗaga murya. Na buga ƙofa. Mutumin da muka yi shekaru muna shan shayi tare bai ko waiwayo ba, don haka doka ta ce. Ban san lokacin da na fara kiran sunan babana ba. Da suka buɗe, Wal ya ce, "Haba Noel, wasa ne fa," sai kuma ya ga fuskata ya ajiye tef ɗinsa.

Na san za ki ce wata dabara ce. Ba ni da hujjar da zan ba ki. Na yaga katin, na gaya musu ba da ni ba a Afrilu, su ma sun ce sun fasa, za su nuna wani faɗan na hamada.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma ba don tebur ba. In ya yi magana ba a ji ba, wani abu ya sami rediyon. Ki tambaye shi eriya, wato doguwar sandar ƙarfen da ke tsaye a kan tankar. In kin ga zai taɓa masa zuciya, ki bari, na haƙura.

Noel


Ingham
Ƙarshen Maris 1980

Yaya Noel,

Muna lafiya, ruwa ya janye ya bar mana laka da sauro. Likita ya zo ya duba Baba, ya kira ni gefe ya yi mini irin maganar da suke yi a hankali suna kallon takalminsu. Ka gane.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, na kuma fara da ta Fabrairu. Ban ƙona ta ba, tana cikin gwangwani, ko da za ka sake canja fuska. Na yi kwanaki ina auna wane Noel zan yarda da shi, mai katin ko na ɗakin wanki. Har na ce a raina wannan ya ga barazana ba ta ci ba ya koma lallashi. Abin da ya sa na gwada shi ne maganar dunƙulen. Wannan ba za ka iya ƙirƙiro ta ba, don ni na ba ka rabinta ban san abin da na ba ka ba.

Ranar Talata na zaunar da shi a baranda ina yi masa aski. Na ce, kamar da wasa, "Baba, wai tankarku tana da eriya?"

Ya kama hannuna da almakashin ya ce, "Wa ya aiko ki?"

Ka ga inda na gado halin. Na ce ba kowa. Ya daɗe yana kallon rake, sannan ya ce, "Reshe ya fizge ta tun da safe, kafin mu kai rafi. Guntu ya rage, bai kai yatsa ba. Jin su kam ina ji, kamar a cikin tankar suke zaune. Su ne ba sa ji na."

Na ce, "To me ya hana ka gaya wa Dulcie?"

Ya ce, "Tambayata ta yi ko rediyo yana hannuna. Yana hannuna. Mace da maraya a gefenta, in tsaya in ce mata reshe ne? Gama askin, Glenys, kin bar mini gefe guda kamar ɓera ya ci."

Na gama askin. Raina ya ɓaci da shi, ya ɓaci da mamanka, ya ɓaci da ni da na yi shekaru ina ba shi wuri kamar yadda aka ce.

Washegari jirgin feshi ya zo. Karon farko a rayuwata ban fita na ba shi wuri ba, na durƙusa na kai kunnena kusa da hannunsa. Abu ɗaya yake maimaitawa: "Namu ne a hayaƙin, ku dakata. Akwai mai ji na? Akwai mai ji na?" Na kasa daurewa, na ce, "Ina jin ka, Baba." Ya buɗe ido ya kalle ni kamar na shigo masa banɗaki. Ya ce, "Ke ba kya kan layin nan. Je ki duba tukunyarki."

Da yamma yana shan shayi, bai kalle ni ba ya ce, "Ɗan Clarrie ne, ko?" Na ce shi ne. Ya ce, "Muryarsa irin ta uban ce?" Na ce ina zan sani, takarda ba ta magana.

Saboda haka ka nemi hutu ka zo, kada ka ce sai bayan bikin Ista. An kusa gama feshi, in jirgin ya daina zuwa sai wata shekara, likita kuma bai yi mini alkawarin wata shekara ba. Ka bar sojojin dalmarka a gida, ko ɗaya na gani a jakarka zan jefa wa kwaɗi. Ba tambaya, ba littafi, ba tef ɗin awo. Zan kuma zauna a wurin ina kallon ka, kada ka ɗauka na gama yarda da kai.

Aikinka ɗaya ne. Da safe za ka zauna kusa da shi a baranda. In jirgin ya zo ya dunƙule hannu ya tambaya ko akwai mai jin sa, ka amsa masa da ƙarfi, don kunnensa na hagu ya mutu. Ba ƙarya za ka yi ba, ai yanzu ka ji shi.

Ka taho mana da tuffa, namu na kanti kamar auduga suke.

Ƙanwarka,
Glenys